KWAƊON RAKE A OSTIRELIYA: BAƘON DA BAI ZAMA RAƁA BA



Gabatarwa

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, watau komai daɗin saukarsa, da rana ta ɗaga zai kama hanya. Wannan lacca ta shafi wani baƙo ne da aka gayyata zuwa ƙasar Ostireliya a shekarar 1935, aka yi masa masauki, aka ba shi aiki, bai yi aikin ba, bai kuwa tafi ba. Baƙon nan kwaɗo ne, wanda masana dabbobi suke kira Rhinella marina, a da kuma Bufo marinus. Mutanen ƙasar kuwa sai suka laƙaba masa sunan gonar da aka kawo shi gadi, watau kwaɗon rake.

Mai sauraro na iya tambaya, me ya haɗa ɗalibi ko ma'aikacin ofis da kwaɗon wata ƙasa mai nisa? Abin da ya haɗa su shi ne, kwaɗon nan ba ambaliya ce ta kai shi ba, ba kuma ɓuya ya yi cikin kayan jirgi ba. Ma'aikatan hukuma ne masu ilmi, masu kyakkyawar niyya, suka zauna suka yanke shawara, suka tura mutum ya ɗauko shi. Shawarar da aka yanke cikin 'yan watanni, ga shi an yi kimanin shekara casa'in ana neman warware ta, abin ya faskara. Saboda haka za a duba yadda aka yi ya je, da yadda yake rayuwa, da yadda ya bazu, da irin ɓarnar da ya yi, sa'an nan da dabarun da aka gwada a kansa.

Yadda Aka Yi Ya Je

Asalin kwaɗon rake daga Amurka ta Kudu da ta Tsakiya ne. Tun cikin ƙarni na 19 masu gonakin rake suka fara kai shi tsibiran Karibiyan, irin su Barbados da Jamaika, da fatan zai rage musu ɓeraye da ƙwari. A 1920 aka kai shi tsibirin Puerto Riko. A can ne kuma, a 1932, aka yi babban taron masana noman rake na duniya, inda wata mai bincike, Raquel Dexter, ta gabatar da takarda a kan abin da ta samu a cikin tumbin kwaɗin, ta nuna cewa suna cin ƙwarin da ke ɓata rake. Mahalarta taron suka watse da murna. A wannan shekara aka ɗebi kwaɗin zuwa Hawai. Sai daga baya ne wasu masu bincike suka nuna cewa raguwar ƙwarin a Puerto Riko mai yiwuwa yanayin ruwan sama ne ya jawo ta, kwaɗo dai ya sha yabon aikin da ba lalle ne nasa ba.

A lokacin nan manoman rake na jihar Kwinsland, a arewa maso gabashin Ostireliya, suna cikin wahala. Akwai wasu ƙwari dangin buzuzu waɗanda ke saka ƙwai a ƙasa, gwazarmarsu ta fito ta cinye saiwar rake, gona ta bushe tana tsaye. Ba a da wani magani mai ƙarfi, manoma kuwa sun matsa wa hukuma. Har ila yau, ƙasar ba ta daɗe da ganin wata babbar nasara ba. Wani tsiro mai ƙaya mai kaurin ganye, wanda shi ma kawo shi aka yi, ya taɓa mamaye miliyoyin kadada, sai aka ɗauko wani ƙwaro daga Ajantina a 1925, aka sake shi a 1926, tsutsarsa ta cinye tsiron cikin 'yan shekaru. Wannan ya sa mutane suka ɗauka cewa kowace annoba tana da dabbar da za ta kashe ta. Abin da aka manta shi ne, ƙwaron Ajantina sai da aka gwada shi aka tabbata wannan tsiro kaɗai yake ci, kwaɗo kuwa duk abin da ya shiga bakinsa abinci ne.

A watan Yuni na 1935, wani masanin ƙwari na hukumar binciken rake ta Kwinsland, Reginald Mungomery, ya taso da kwaɗi 102 daga Hawai. Aka ajiye su a tashar gwaji ta Meringa, kusa da garin Gordonvale, kudu da birnin Cairns. Nan da nan suka hayayyafa, a watan Agusta aka saki ƙanana 2,400.

Ba a rasa mai gargaɗi ba. Wani dattijon masanin ƙwari da ya yi ritaya, Walter Froggatt, ya tashi tsaye ya nuna cewa dabbar da ke cin komai, mai yawan haihuwa, wadda ba ta da abokin gaba a ƙasar, tana iya zama annoba. Gwamnatin tarayya ta saurare shi, ta hana ci gaba da sakin kwaɗin a ƙarshen 1935. Amma masu harkar rake da gwamnatin jihar suka kai kuka har gaban Firayim Minista Joseph Lyons, aka janye hanin a 1936. Ya zuwa watan Maris na 1937 an saki ƙananan kwaɗi kimanin 62,000.

To, aikin fa? Manyan ƙwarin suna tashi ne su sauka a kan itatuwa da saman rake, kwaɗo kuwa ba ya hawa. Gwazarmar tana can cikin ƙasa, kwaɗo ba ya tono ta. Ga shi kuma gonar rake a lokacin da ƙwarin ke fitowa ba ta da isasshiyar inuwar da zai fake da rana. Sai ya bar gona ya shiga gari da daji. Maganin feshi ne ya rage gwazarmar a ƙarshen shekarun 1940. Garin neman ƙiba aka samo rama.

Rayuwarsa Daga Ƙwai Zuwa Girma

Ba za a gane dalilin da ya sa aka kasa shawo kansa ba sai an dubi yadda yake haihuwa da yadda yake girma. Rayuwarsa hawa huɗu ce: ƙwai, talibambam, ɗan kwaɗo, sa'an nan babba.

Idan ruwa ya sauka, mazan sukan taru a bakin tafki ko kududdufi da dare suna kuka mai kama da ƙarar inji daga nesa. Mace takan zuba ƙwai tsakanin 8,000 zuwa 30,000 a zama guda, baƙaƙe, jere cikin wani dogon zare mai yauƙi, tana kuwa iya yin haka sau biyu a shekara. Ba ta tsanantawa wajen zaɓen ruwa: kududdufin hanya, ko wurin shayar da shanu, ko ruwa mai ɗan gishiri, duk sun ishe ta. Galibin kwaɗin Ostireliya na asali ƙwansu bai kai kusa da wannan yawa ba.

Cikin kwana biyu ko uku ƙwan ya ƙyanƙyashe, talibambam ya fito, ƙanana baƙaƙe masu yawo cikin ayari a gefen ruwa. Gwargwadon zafin ruwa da yawan abinci, cikin 'yan makonni sai ƙafafu su fito, wutsiya ta shanye, ɗan kwaɗo wanda bai wuce santimita ɗaya ba ya hau tudu. A wuri mai zafi yakan balaga cikin shekara guda. Babba yakan kai santimita 10 zuwa 15, akwai kuma waɗanda suka zarce haka nesa. A watan Janairu na 2023 ma'aikatan gandun daji na Conway, a Kwinsland, sun tsinci wata mai nauyin kilo 2.7.

Ana ƙiyasta cewa abin da ke kai wa balaga bai wuce ɗaya cikin ɗari biyu ba. Mai lissafi zai ga cewa ko da haka ne, mace ɗaya mai ƙwai 30,000 ta bar magada 150 daga zubi guda. A nan ne ƙarfinsa na farko yake.

Ƙarfinsa na biyu dafi ne. A bayan idanunsa, bisa kafaɗu, akwai wasu manyan ƙullutai biyu masu fitar da farin ruwa kamar madara, wanda in ya shiga jikin dabba sai ya rikita bugun zuciyarta har ta tsaya. Duk wanda ya taɓa ganin kare ya cafki kwaɗo ya sake shi bakinsa na kumfa ya ga ƙaramin misalin wannan. Dafin yana tare da shi tun yana ƙwai, domin uwa ce ke zuba shi a ciki. Yana raguwa a jikin talibambam, ya yi ƙasa ƙwarai a lokacin da ɗan kwaɗo ya hau tudu, sa'an nan ya riƙa ƙaruwa yayin da ƙullutan ke girma. A riƙe wannan batu, domin za a komo kansa.

Rauninsa ɗaya ne, watau ruwa. Ba da baki yake sha ba, fatar cikinsa ce ke tsotsa daga ƙasa mai laima. Yana iya jure asarar kusan rabin ruwan jikinsa, amma da rani tilas ne ya koma wurin danshi bayan 'yan kwanaki, in ba haka ba ya bushe.

Yadda Ya Bazu

Daga gaɓar Kwinsland kwaɗon ya nufi kudu da yamma. Ya shiga Yankin Arewa cikin shekarun 1980, ya isa gandun dajin Kakadu a 2001, ya kai kewayen birnin Darwin a wajen 2005, ya ƙetara iyakar Ostireliya ta Yamma a 2009. Ƙasar da ya mamaye ta haura murabba'in kilomita miliyan ɗaya, watau ta fi faɗin Nijeriya baki ɗaya.

Abin mamaki shi ne saurin tafiyar ƙaruwa ya yi ta yi. Daga shekarun 1940 zuwa na 1960 goshin ayarin yakan ci kimanin kilomita 10 a shekara, amma da ya doshi Darwin sai ya koma cin kimanin 50. Farfesa Rick Shine da Ben Phillips da abokan aikinsu, waɗanda suka yi shekaru suna bin kwaɗin a Fogg Dam kusa da Darwin, sun bayyana a 2006 cewa waɗanda ke fara isa sabon wuri sun fi na baya dogayen ƙafafu. Bayanin mai sauƙi ne. Wanda ya fi sauri shi ke gaba, a can gaba kuwa ba zai sami abokiyar barbara ba sai mai sauri irinsa, 'ya'yansu su gaji saurin, su ma mafiya saurinsu su wuce gaba. Da haka, tsara bayan tsara, goshin ayarin ya zama na 'yan tsere, masu miƙewa sak ba ratse, masu tafiya kusan kowane dare. An kuma sami cewa wajen ɗaya cikin goma na manyansu suna fama da ciwon gaɓoɓin ƙashin baya saboda wannan tafiya. Ashe dabbar da aka saka a 1935 ba ita ce daidai wadda ake fama da ita bayan shekara saba'in ba. Ƙasar ta sāke ta.

Irin Ɓarnar da Ya Yi

Da farko abin da aka ji tsoro shi ne cinsa. Lalle yana cin ƙwari, da ƙananan kwaɗi, da abincin karnuka, yakan kuma tsugunna a bakin amya yana lashe ƙudan zuma, har masu kiwon zuma suka koma ɗora amyoyinsu bisa dandamali. Amma bincike ya nuna cewa babbar ɓarnar ba daga abin da yake ci take ba, daga masu cinsa take.

Dalili kuwa shi ne, Ostireliya tsibiri ce da ta daɗe a ware, ba ta taɓa samun irin wannan dangi na kwaɗi masu ƙullutun dafi ba. A Afirka da Asiya da Amurka, macizai da tsuntsaye sun zauna da irinsu tun fil azal, wasu jikinsu ya saba, wasu sun san abin gudu. Dabbobin Ostireliya kuwa sun saba duk kwaɗon da suka gani halal ne. Ga shi kuma na goshin ayari manya ne masu cikakken dafi, saboda haka haɗuwar farko ita ce ta ƙarshe, babu damar koyo.

Waɗanda abin ya fi shafa manyan mafarauta ne. Akwai wata dabba mai suna kwol, girmanta bai kai na kyanwa ba, mai ɗige-ɗigen fari, daga dangin masu goyon 'ya'ya a jakar ciki. Ta ɓace daga wurare da dama na Kakadu jim kaɗan bayan isar kwaɗon, a 2005 aka sa ta cikin jerin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu. A kogin Daly, wani nau'in guza mai ɗigon rawaya ya ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. A kogin Victoria an bayar da rahoto a 2008 cewa ƙananan kadojin kogi sun ragu da kashi 77 cikin 100 a wasu wurare. Haka nan manyan macizai da wasu ƙadangaru masu shuɗin harshe. A 2005 gwamnatin tarayya ta sa kwaɗon rake cikin jerin manyan abubuwan da ke barazana ga halittun ƙasar, a ƙarƙashin dokar kare muhalli ta 1999.

Ɓarnar ba ta tsaya ga dabbobi ba. Ga mutanen ƙasar na asali, waɗanda suka riga Turawa zama da dubban shekaru, guza abinci ce, kuma tana cikin labarunsu da bukukuwansu na gargajiya. Inda guza ta ƙare, farautarta ta ƙare, ilmin da tsofaffi ke koya wa yara a bakin raminta shi ma ya raunana.

Sai dai gaskiya ta wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren. Ba a tabbatar da wani nau'in dabba da ya ƙare ƙaf saboda kwaɗon ba. Wasu ma sun amfana: da guza ta ragu a kogin Daly, ƙwan wata kififiya da take tonowa ya sami sauƙi. Shirwa da hankaki sun koyi kifar da kwaɗon su ci ta ciki su bar ƙullutan. Wani ɓeran ruwa yakan farka ƙirjinsa ya zare zuciya da hanta. Wani macijin ruwa da kakanninsa suka fito daga Asiya yana cinsa ya kwana lafiya. An kuma lura a 2004 cewa wani baƙin maciji mai jan ciki, a wuraren da kwaɗon ya daɗe, kansa ya ƙanƙance idan aka gwada da jikinsa, domin masu manyan kawuna da ke iya haɗiye babban kwaɗo sun mutu, masu ƙanana suka bar zuriya. Daji yana gyara kansa, amma a hankali, kuma ba ya komawa yadda yake a da.

Dabarun da Aka Gwada

Dabarar farko ita ce tsinta. Ƙungiyoyin sa-kai sun yi shekaru suna fita da fitilu da dare suna cika buhuna, musamman a kewayen Darwin da Kununurra. Wannan yakan rage su a unguwa ko a bakin wani tafki, amma bai tsayar da ayarin ba, domin lissafin ƙwai 30,000 ya fi ƙarfin hannu.

Ta biyu ita ce gudun hijira. A 2003 aka kwashi wasu kwol zuwa tsibiran Astell da Pobassoo, inda kwaɗo bai kai ba, suka kuwa hayayyafa.

Ta uku ta fito ne daga nazarin rayuwar kwaɗon kansa. An gano cewa talibambam ɗinsa yana cin ƙwan 'yan uwansa, kuma ƙanshin dafin ne ke kiransa zuwa gare su. Sai aka riƙa sa dafin a cikin tarko a ruwa, talibambam ɗin kwaɗon rake ya yi ta shiga dubbai, na kwaɗin gida kuwa bai kula ba.

Ta huɗu ita ce koyarwa, a nan ne kuma batun da aka ce a riƙe ya shigo. Tun da ƙaramin kwaɗo ba ya kisa, sai dai ya sa laulayi, dabbar da ta fara haɗuwa da ƙarami takan yi amai ta warke, daga nan ba ta ƙara kusantar kwaɗo. Saboda haka masu bincike suka riƙa riga ayarin isa wuri, suna ba kwol naman kwaɗo marar dafi da aka haɗa da maganin tashin zuciya, suna miƙa wa guza ƙananan kwaɗi. A yankin Kimberley an yi wa kadoji irin wannan tare da masu gadin daji na ƙabilar Bunuba, aka bayyana a 2024 cewa mutuwarsu ta ragu ƙwarai. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, to wannan ce dabarar, sai dai an rage wa saran ƙarfi.

Ta biyar ta dogara ga rauninsa. Tsakanin garuruwan Broome da Port Hedland akwai wani siririn zirin ƙasa, teku a gefe guda, hamada a ɗaya gefen, inda kusan duk ruwan rani na wuraren shayar da shanu ne. Masana sun ba da shawarar a gyara waɗannan wurare yadda kwaɗo ba zai sami danshi ba, don ƙishirwa ta zama ganuwar da za ta kare yankin Pilbara.

A lura cewa duk cikin dabarun nan biyar babu wadda ke da nufin kawar da kwaɗon daga ƙasar. Wannan buri an daɗe da haƙura da shi. Abin da ya rage shi ne rage asara.

Kammalawa

Kuskure ne a tashi daga wannan zama da tunanin cewa yaƙar annoba da wata halitta mugun abu ne. Afirka ma ta ga amfaninsa. A farkon shekarun 1970 wani farin ƙwaro daga Amurka ta Kudu ya afka wa rogo a nahiyar. Aka je har ƙasar Paraguwai aka samo wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro da ke kashe shi, aka tsare shi a Ingila aka bincika shi, sa'an nan aka sake shi a cibiyar binciken aikin gona ta Ibadan a 1981, rogo ya farfaɗo. Bambancin wannan da na kwaɗo shi ne an yi tambayoyi kafin a buɗe akwati. Shin zai ci abin da ake so ya ci? Me kuma zai ci ban da shi? Wa zai ci shi, me zai sami wanda ya ci? In abin ya ɓaci, ana iya mayar da shi? A 1935 ba a amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan da gwaji ba, wanda ya yi tambayar kuma aka ɗauke shi mai hana ruwa gudu.

Laifin ba na kwaɗo ba ne, shi halinsa ya yi. Ba kuma za a ce Mungomery da abokan aikinsa mugaye ko jahilai ba ne. Manoma na kuka, ga rahoto daga wata ƙasa mai cewa an dace, ga manya na son a ga an yi wani abu. Kowane ma'aikaci ya san irin wannan rana, ɗalibin yau kuma zai same ta a teburinsa gobe. Doka in ta ɓaci ana soke ta, gini in ya karkace ana rushe shi, amma sakin mai rai cikin daji zarar bunu ne, in ya fita ba ya komawa. A irin wannan shawara, wata shida na gwaji ba jinkiri ba ne, kuma mai gargaɗi ya cancanci a amsa masa da hujja kafin a wuce shi. Kwaɗi 102 aka ɗauko daga Hawai, jikokinsu kuwa sun ƙetare nahiya guda daga gabas zuwa yamma.